Idan Soja Ya Tashi, Barikin Na Wa Ne?

A watan Agustan 1992 sojojin Faransa suka kwashe nasu-ya-nasu suka fice daga wani bariki a gefen kudu na birnin Freiburg, can kudu maso yammacin Jamus. Abin da suka bari shi ne fili mai faɗin hekta kusan 40, da dogayen gine-ginen kwanan soja, da rumfunan motocin yaƙi, da jerin manyan itatuwa, da ƙasar da man inji ya jiƙa a wurare da dama. Yau mutum sama da 5,000 ne ke kwana suna tashi a wannan fili. Vauban ake kiran unguwar, kuma sunanta ya zaga duniya, har an kai labarinta babban baje koli na Shanghai a 2010. Masu tsara birane da 'yan jarida kan yi tururuwa zuwa kallonta, su ɗauki hoton farantan sola da ke kan rufi da titunan da yara ke wasa a kai babu fargabar mota, su koma gida suna cewa sun ga unguwar gobe. A ganina kwalliyar suka kalla. Tambayar da ta haifar da duk abin da suka gani an amsa ta ne tun kafin a aza tubali ko ɗaya: ranar da aka buɗe ƙofar barikin, a hannun wa filin ya faɗa?

Zan faɗi matsayina tun yanzu, kada mai karatu ya yi ta lalube. Barikin da soja ya tashi daga cikinsa dukiyar jama'a ce tun asali. Da harajinsu aka gina shi, sau da yawa ma gonakin kakanninsu aka karɓa aka kafa shi. Saboda haka bai dace a buga masa ƙararrawar gwanjo mai kuɗi ya ɗauka ba. Hukumar gari ce ya kamata ta riƙe shi, ta yanka shi ƙanana, ta miƙa wa waɗanda za su zauna a ciki da iyalansu, sannan ta ɗaure wani kaso ɗaurin da ba zai bari ya sake shiga kasuwa ba. Na zaɓi Vauban ne domin ta ba da shaida ta fuska biyu. Inda aka yi wannan ɗauri, mai ƙaramin ƙarfi yana nan har yau. Inda aka sassauta, tsada ta shigo ta raka shi bakin ƙofa.

Gwamnatin Hitler ce ta gina barikin gab da yaƙin duniya na biyu, bayan da ta mayar da sojoji yankin kogin Rhine a 1936, abin da yarjejeniyar Versailles ta haramta mata. Ta sa masa sunan Albert Leo Schlageter, wani ɗan yankin da Faransawa suka harbe a 1923 bisa laifin ɗana bam a layin dogo lokacin da suka mamaye yankin Ruhr, wanda daga baya 'yan Nazi suka mayar gwarzonsu. Yaƙi ya zo ya ci garin. A daren 27 ga Nuwamban 1944 jiragen Birtaniya suka yi wa Freiburg ruwan bama-bamai, mutum kusan 2,800 suka mutu, tsakiyar gari ta zama kufai. A Afrilun 1945 sojojin Faransa suka shiga, suka gaje barikin, suka cire sunan Schlageter suka sa na Vauban, injiniyan Sarki Louis na 14 wanda ya kewaye wannan gari da ganuwa bayan Faransa ta ci shi da yaƙi a 1677. Shekara 47 Faransawa suka yi a bayan wannan katanga, ɗan gari ba ya leƙawa sai da dalili. Sai katangar Berlin ta faɗi a 1989, Jamus ta haɗe a 1990, zaman sojojin waje ya rasa hujjarsa.

Lokacin da labarin tashinsu ya bazu, Freiburg na cikin ƙuncin gidaje. Gari ne na jami'a tun 1457, ɗalibai sun yi masa yawa, ga kuma jama'ar da suka kwararo daga gabashin Jamus da gabashin Turai bayan buɗe iyakoki. Akwai kuma wani hali na mutanen yankin da ya kamata a sani: sun saba ja-in-ja da hukuma. A 1975 manoman inabi da ɗalibai suka mamaye filin da aka ware don gina tashar nukiliya a ƙauyen Wyhl, ba nisa da garin, suka ƙi tashi, har daga ƙarshe aka fasa aikin. Waɗanda suka ga wannan da idonsu, da ƙannensu da 'ya'yansu, su ne suka zo suka tsaya a bakin barikin. Ruwa ba ya tsami banza.

Tunanin hukuma na farko shi ne a rushe tsofaffin gine-ginen a share fili. Sai wasu ɗalibai da marasa aikin yi da iyaye masu rainon 'ya'ya su kaɗai suka kafa wata ƙungiya a 1990, wadda aka fi sani da SUSI, suka ce ba su yarda ba. Hujjarsu ba ta da wuyar ganewa. Ga gini mai kaurin bango a tsaye, ga mutane suna raɓe a ɗakunan abokai, don me za a kashe kuɗi a rushe shi, a sake kashe wasu a gina abin da su ba za su iya biya ba? An kai ruwa rana kafin a saurare su, wasu ma ba su jira izini ba suka shiga suka shimfiɗa katifa. A ƙarshe SUSI ta samu gine-gine huɗu, hukumar kula da walwalar ɗalibai ta samu shida ta mayar da su ɗakunan kwana.

Wanda ya sauka daga tarago, wato jirgin ƙasan cikin gari, a bakin unguwar, waɗannan gine-gine na cikin abin da zai fara gani. Siffar bariki na nan a jikinsu har yanzu: dogaye, tagogi a jere daidai wa daida, rufi mai gangara. Amma an liƙa musu barandar katako, an shafe bango da zane mai launi, ganye ya hau jikinsu, kekuna na jibge a ƙofa, shanya na kaɗawa, a tsakanin itatuwa kuma ga tsofaffin manyan motoci da akwatunan tirela da wasu suka mayar ɗakin kwana. A ciki, doguwar farfajiyar da kurata ke jeruwa an daddatse ta an fitar da gidaje, a kowanne mutane da dama na tarayya a kicin ɗaya. Mazaunan ne suka yi aikin da hannunsu daga 1993, kowa ya ba da guminsa a madadin kuɗin da ba shi da su, sauran kuma aka haɗa da tallafin gwamnati da bashin banki da ƙananan rance daga masu fatan alheri. Mutum kusan 260 ke zaune a nan. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya fi burge ni a lamarin SUSI shi ne ɗaurin da suka yi wa kansu. Sun shiga wata haɗaka da aka kafa a Freiburg ɗin mai suna Mietshäuser Syndikat. Tsarinta shi ne kowane gida kamfani ne mai masu hannun jari biyu kacal: ƙungiyar mazauna gidan, da ita haɗakar. Mazauna su ke yanke kuɗin haya, su zaɓi wanda zai shigo, su yi gyara yadda suka ga dama. Amma ranar da suka ce za su sayar, haɗakar na da ikon cewa a'a, kuma a'a za ta ce. Masu tsarin sun san halin ɗan Adam. Sun san matashin da ke zanga-zanga yau, nan da shekara 30 zai iya zama dattijon da dillali ke raɗa wa farashi a kunne. Sai suka cire wa kansu wannan jarrabawa tun ran gini tun ran zane. Yanzu gidaje sama da 150 a faɗin Jamus ke bin wannan tsari.

Sauran filin kuwa, da Faransawa suka tashi ya koma hannun gwamnatin tarayya. Majalisar birnin Freiburg ta saye shi a kan mak miliyan 40, kuɗin Jamus na lokacin. Wannan ciniki shi ne uwar komai, domin mai sayar da fili shi ke gindaya sharaɗi. Birnin ya yanka fulotai ƙanana, ya sa musu farashi tsayayye maimakon gwanjo, ya rubuta a cikin takardar ciniki abin da doka ita kaɗai ba ta isa ta tilasta ba: duk gidan da za a gina kada ya ci makamashin ɗumama ɗaki fiye da kilowat-awa 65 a kan kowace murabba'in mita a shekara, a ƙasar da sanyi ke daskarar da ruwa, kada a sare tsofaffin itatuwa, ruwan sama a bar shi ya bi lambatu ya nutse cikin ƙasa. Kuɗin da aka samu daga fulotan su aka juya aka share gurɓatacciyar ƙasa, aka yi tituna da makarantar firamare da gidajen rainon yara da wuraren shan iska. Tashar da aka gina don ƙona ɓarɓashin itace ta ba unguwar zafi da lantarki, da rukunin gidajen da mai zanen gini Rolf Disch ya tsara, waɗanda ke samar da wuta fiye da wadda suke sha, duk a kan wannan tushe suka tsaya. Da an sayar wa kamfani ɗaya filin a dunƙule, wa zai sa masa waɗannan sharuɗɗa? Da wane bakin?

Jama'a ma ba su bar wa hukuma wuƙa da nama ba. A 1994 suka kafa ƙungiyar Forum Vauban, shekara guda bayan haka birnin ya amince da ita a matsayin bakin mazauna a wajen tsara unguwar. Ita ce ta dage a fifita ƙungiyoyin magina na haɗin gwiwa a rabon fulotai. Yadda abin yake, iyalai goma ko ashirin su haɗu kamar 'yan adashi, su sayi fuloti ɗaya, su ɗauki mai zane, su gina bene mai hawa uku ko huɗu, kowa ya san sashensa tun a takarda. Ribar da ɗan kasuwar gini zai ɗora, da ladan dillali, duk sun zauna a aljihunsu. Ba abu ne mai daɗi ba koyaushe. Akwai taron dare da ba ya ƙarewa, akwai saɓani a kan matakala da launin ƙofa, akwai waɗanda suka gaji suka fice. Ita kanta Forum Vauban ta durƙushe a 2004 kan rigimar kuɗin tallafi da Tarayyar Turai, wata ƙungiya ta gaje ta. Amma lokacin da aka fara gini a 1998 maƙwabta sun riga sun san juna, sun yi faɗa sun shirya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan mai ɗakin aka tambaya kafin a yi rufi.

Maganar mota, wadda ita aka fi yayatawa, ba zan daɗe a kanta ba. A yawancin lungunan unguwar ba a gina wurin ajiye mota a ƙofar gida. Kana iya shigowa a hankali ka sauke kaya, amma kwanan motar sai a babban gareji a gefen unguwa, kuma gurbin can sayensa ake yi da dubban yuro. Wanda ba shi da mota yakan sa hannu a takarda duk shekara. Tarago ya iso a 2006. Sakamakon haka motocin unguwar ba su kai 200 ga kowane mutum 1,000 ba, a ƙasar da adadin ya haura 500. Abin lura shi ne ko wannan ma ikon mallakar fili ne ya sa ya yiwu.

Masu adawa da ra'ayina suna da hujja, kuma wadda ta fi ƙara ita ce ta kuɗi. Sukan ce gwamnati ba gidan sadaka ba ce. Fili a tsakiyar gari zinariya ne, a sayar da shi da tsada a zuba kuɗin a asibiti da makaranta da jin daɗin soja, kowa ya amfana, maimakon a yi wa 'yan tsiraru rangwame. Misalin da suka fi so shi ne barikin Chelsea a Landan, inda dakarun tsaron fadar Ingila suka zauna tun shekarun 1860. Ma'aikatar tsaron Birtaniya ta sayar da shi a kan fam miliyan 959, cinikin da aka kammala a farkon 2008, ga kamfanin Qatari Diar na gwamnatin Katar da abokan hulɗarsa. Filin bai fi hekta biyar da 'yan kai ba. Kuɗi ne na gaske, ba zan raina su ba.

To amma me birnin ya samu? Filin ya yi shekaru a kewaye babu kowa. Rigima mafi girma da aka yi a kansa ita ce ta kamannin gini: a 2009 Yarima Charles, wanda yanzu shi ne sarki, ya rubuta wa firaministan Katar wasiƙa yana ƙin zanen gilashi da ƙarfe na Richard Rogers, aka janye zanen, magana ta kai kotu. Jaridu suka cika da muhawarar gilashi ko bulo. Wa zai zauna a ciki? Wannan tambaya a gefe aka ajiye ta. Da aka gama kashin farko, gidajen na miliyoyin fam ne, a gundumar da dubban iyalai ke kan layin jiran gidan hukuma. An tanadi wani kaso mai rangwame a cikin yarjejeniyar, amma shi aka bari a ƙarshen layi. Wanda ya biya kusan fam biliyan guda kuɗin fili kaɗai, ta yaya zai gina wa ma'aikaciyar jinya ɗaki? Farashin da aka sayar da filin shi ya zaɓi mazauna tun kafin a haƙa tushe.

In kuma ana ganin lissafin kuɗin ma ya fita, a dubi abin da ya faru da gidajen iyalan soja a Birtaniya. A 1996 gwamnatin John Major ta sayar wa kamfanin Annington gidaje kusan 55,000 a kan fam biliyan 1.66, ta juyo ta kama hayarsu daga hannunsa, gyara kuma yana wuyanta. A 2018 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya lissafa cewa cinikin ya jawo mata asarar tsakanin fam biliyan 2.2 zuwa 4.2. A Disamban 2024 aka sanar da cewa za ta sake sayen kusan 36,000 daga cikinsu a kan fam kusan biliyan 6. An sayar da akuya ta dawo tana cin danga. Kuɗin gwanjo kasafin shekara ɗaya ke haɗiye su, fili kuwa in ya fita ya fita, dawo da shi sai da ninkin farashi.

Akwai masu cewa ginin bariki ba a yi shi don iyali ba, an yi shi ne don horo da biyayya, zuba fararen hula a ciki wulaƙanci ne. Suna da abin nunawa. A Satumban 2020 gwamnatin Birtaniya ta zuba masu neman mafaka a barikin Napier da ke Folkestone, mutane da yawa a ɗaki guda a tsakiyar annobar korona. Kusan 200 suka kamu a farkon 2021, a watan Yuni kuma babbar kotu ta ce wurin bai kai matsayin da doka ta tanada ba. Na yarda da su a nan ɗari bisa ɗari. Sai dai bulon Napier da na SUSI duk bulo ne. Bambancin shi ne a ɗaya an kawo mutane an ajiye, waya na kewaye, mai gadi na ƙofa. A ɗayan mutanen ne suka fasa bango inda suke son taga, makulli na aljihunsu. Ko nauyin tarihin ma Vauban ba ta guje masa ba. Gidan cin abincin hafsoshi ya zama zauren unguwa, ana kiransa da lambarsa ta soja, 037, kasuwar manoma na ci a gabansa duk Laraba. Tituna da dama an sa musu sunayen waɗanda mulkin Nazi ya kora ko ya kashe, irin su masaniyar kimiyya Lise Meitner da marubuci Alfred Döblin da kafinta Georg Elser, wanda ya ɗana wa Hitler bam a Munich a 1939. A barikin da Hitler ya gina, yara na tafiya makaranta ta titin mutumin da ya nemi kashe shi. Da an share komai an yi sabon suna mai daɗin talla, wa zai gaya musu abin da ya taɓa faruwa a ƙarƙashin ƙafarsu?

Sukar da ta fi yi mini nauyi daga cikin gida ta fito, daga bakin masu son Vauban ɗin. Suna cewa unguwar ta zama ta malaman jami'a da likitoci da injiniyoyi, masu ilimi da albashi mai kauri, waɗanda ra'ayinsu ɗaya ne har jam'iyyar masu kare muhalli ta samu sama da kashi 70 cikin 100 na ƙuri'unsu a zaɓen jiha na 2011. Ina direban bas? Ina mai shara? Ina baƙon da ya zo daga Turkiyya? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wannan suka gaskiya ce. An fara da niyyar kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen su zama masu tallafi don masu ƙaramin ƙarfi, sai jihar Baden-Württemberg ta rage kuɗin shirin, adadin ya faɗi ƙasa warwas. Shiga ƙungiyar magina na buƙatar kuɗin ajiya da amincewar banki da lokacin zaman taro, abubuwan da mai aikin dare ba shi da su. Sannan gidajen da aka gina da rangwamen fili mallakar masu su ne, ba abin da ya hana su sayarwa a farashin yau, wanda ya yi tashin gwauron zabo saboda kyan unguwar. Rangwamen da jama'a suka yi ya zama ribar mutum ɗaya. A Agustan 2011 kuma 'yan sanda suka tashi wasu matasa da ke zaune cikin motoci a wani fili a bakin unguwar, aka gina otal a wurin. Otal ɗin na ɗaukar masu buƙata ta musamman aiki, abin a yaba ne, amma matasan sun tafi.

Shin wannan ya rushe matsayina? Ni gani nake ya ƙara masa ƙarfi. A duba inda araha ta tsira bayan shekara 30: gine-ginen SUSI, ɗakunan ɗalibai, da gidajen ƙungiyar gama-kai ta Genova da aka kafa a 1997. Duk wuraren da mutum ɗaya ba zai wayi gari ya sa a kasuwa ba. Kuskuren Freiburg shi ne ta tsaya a rabin hanya. Ta ƙi gwanjo ranar farko, amma ta bar ƙofar gwanjo a buɗe ga mai saye na biyu. Kuma da alama mutanen garin sun ji a jikinsu. A Nuwamban 2006, da magajin gari Dieter Salomon ya nemi sayar da dubban gidajen hukuma don biyan bashi, suka ƙi a ƙuri'ar raba gardama da rinjayen kusan kashi 70 cikin 100. A 2015 majalisar birnin ta yanke cewa rabin gidajen da za a gina a sababbin unguwanni su zama na haya masu tallafi, kuma da wannan alkawari aka je ƙuri'ar Fabrairun 2019 da ta amince da gina sabuwar unguwar Dietenbach.

To ina ruwan mai karatu a Kano ko Maraɗi da wannan labari? Ba ina kira a rufe bariki ko ɗaya ba, a zamanin da 'yan bindiga suka hana manomi zuwa gona. Sansanonin da Faransa ta bari a Nijar a Disamban 2023, da wanda Amurka ta bari a Agadas a Agustan 2024, sojojin ƙasar aka miƙa wa, kuma hakan ya dace. Amma garuruwanmu sun riga sun haɗiye barikokin da aka kafa a bayan gari. Bukavu a Kano da Giwa a Maiduguri gidajen jama'a sun kewaye su. A ranar 27 ga Janairun 2002 ma'ajiyar makamai ta fashe a barikin Ikeja da ke Legas, mutum sama da 1,000 suka mutu, da yawansu a cikin magudanar ruwa ta Oke-Afa suna gudun tsira. Ko ba daɗe ko ba jima wasu daga cikin irin waɗannan wurare za su koma bayan gari, ɗaruruwan hekta su buɗe a tsakiyar biranen da haya ke kore malamin makaranta zuwa ƙauyen gefe. Mun kuma ga abin da ya faru lokacin da aka sayar da gidajen gwamnatin tarayya a Abuja da Legas a zamanin Obasanjo. Mun ga filayen makarantu da na idi da tashoshin mota da aka yanka aka jera shaguna. Wa ke zaton filin bariki zai tsira in babu doka a ƙasa? Ba a fafe gora ranar tafiya.

A Najeriya, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna bisa amana, ta bar wa gwamnatin tarayya waɗanda ke hannunta, barikoki na ciki. Ke nan in ranar ta zo, tsakanin Abuja da gidan gwamnati za a ƙare magana, mutanen unguwa su ji a rediyo. Za a ce mana Jamus na da kuɗi da hukumomi masu aiki, mu ba mu da su. Gaskiya ne ba za mu kwafo babban gareji da farantan sola ba, ba ma su muke nema ba. Amma farashi tsayayye maimakon gwanjon bayan fage ba ya cin kuɗi. Liƙa sunayen waɗanda aka ba fuloti a bainar jama'a ba ya cin kuɗi. Ƙungiyoyin gama-kai na malamai da ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwa sun daɗe suna sayen gona su raba fulotai a tsakaninsu, abin da suka rasa shi ne fili a cikin gari. Ɗaurin da 'yan SUSI suka yi wa kansu kuwa muna da shi tun zamanin kakanni, shi ne waƙafi, dukiyar da ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada, kuma jihohi irin su Sakkwato da Zamfara na da hukumomin da aka ɗora wa kula da shi. Me zai hana a ware kashi ɗaya cikin uku na duk barikin da aka tasa, tare da tsofaffin gine-ginensa masu ƙwari, a yi waƙafin gidajen haya?

In an yi hakan, na san wanda zan sa a farkon layi. Sojan da ya yi shekara 35 yana kwana a ɗakin gwamnati ya yi ritaya bai mallaki ko shago ba, da matar wanda aka kashe a bakin daga, wadda bayan an gama zaman makoki ake ba ta wa'adin fita daga ɗakin bariki da marayunta. A rubuta haƙƙinsu a cikin dokar tun yanzu, kafin a san wane bariki ne zai fara tashi, kafin masu ido a kan filin su san inda za su kai takardarsu.